Daga "An Ce" Zuwa "An Gwada": Labarina da Ƙurajen Fuska

A Unguwar Rogo ta garin Jos aka haife ni, a can na yi wayo, kuma a can ƙuraje suka fara fito mini a fuska ina da shekara goma sha huɗu, ina aji uku na ƙaramar sakandare. Da farko babu wanda ya ɗauke su da wani nauyi a gida. Umma ta ce ƙurajen balaga ne, kowace budurwa ta yi su, kuma za su tafi da kansu matuƙar na daina taɓa su. A kan yayyena mata biyu maganarta ta tabbata, domin nasu shekara biyu ko uku suka yi suka wuce ba su bar ko alama ba. Nawa kuwa zama suka zo yi. Daga goshi suka sauko kumatu, daga baya suka tare a haɓa da gefen muƙamuƙi, manya masu zurfi da raɗaɗi, waɗanda kan yi mako biyu a ƙarƙashin fata ba su yi baki ba, kuma duk wanda ya baje sai ya bar baƙin tabo da kan ɗauki watanni kafin ya dushe. Kafin tsohon tabo ya tafi sabon ƙurji ya fito kusa da shi, don haka ban taɓa ganin fuskata wasai ba tun daga wannan lokaci har na kusa cika shekara ashirin da shida.

Wanda bai yi fama da wannan lalura ba zai yi wuya ya gane cewa ciwon da ke kan fuska ciwo ne da kowa yake ganin yana da ikon yin magana a kansa. A gidan biki, a makarantar Islamiyya, a cikin Keke Napep daga Farin Gada zuwa Terminus, matar da ban taɓa gani ba sai ta dube ni ta ce, "'Yata, an ce lemon tsami da kurkur suna maganin wannan." Na shafa lemon tsamin har fatata ta ɗaye. Na shafa zuma da farin ƙwai, na ɗiga man goge baki a kan kowane ƙurji kafin in kwanta, na wanke fuska da sabulun salo da soso sau biyar a yini saboda an ce datti ne. Gwaggo ta ce dattin ciki ne, aka jiƙa mini saiwoyi na sha na mako uku. Aka hana ni gyaɗa da ƙuli-ƙuli da ƙwai. Maganar da ta fi yi mini ciwo ita ce ta masu cewa, da murmushi a bakinsu, aure ne kaɗai maganinsu, domin a cikin wannan maganar akwai zargin da yarinya mai kunya ba ta da bakin kare kanta daga gare shi. Na fara rufe rabin fuskata da gefen hijabi, na daina shiga hoto, na koma kujerar baya a aji alhali a da ni ce mai ɗaga hannu.

Babbar ɓarnar ta zo ne bayan na shiga Jami'ar Jos ina karanta koyar da ilimin sinadarai. Wata ƙawata ta kai ni wani kemis inda mai shagon, ba tare da ya tambaye ni komai ba, ya miƙo mini ƙaramin kwali ya ce mai ne mai aiki uku. Cikin kwana biyar jan da kumburin suka kwanta, fuskata ta yi sumul ta yi haske, har mutane suka fara tambayata sirrin. Na yi kuka don murna. Amma duk ranar da man ya ƙare na kwana uku ban shafa ba, sai fuskar ta ɗauki zafi da ƙaiƙayi, ƙananan ƙuraje iri ɗaya su feso kamar an watsa gero, sai in koma in sayo wani. Haka na yi shekara huɗu. Daga baya wata mai haɗa man shafawa ta haɗa mini nata a cikin robar da babu rubutu a jikinta, ta ce ya fi na kemis ƙarfi. A ƙarshe fatar kumatuna ta yi laushi fiye da ƙima har ana hango siraran jijiyoyi, wani wuri ya yi fari, wani ya yi duhu kamar ƙuna, kuma manyan ƙurajen haɓa suka dawo fiye da da.

Lokacin da aka sa ranar aurena, saura wata bakwai, Umma ta so a kai ni wajen mai gyaran jiki a fara dilka da wuri. Yaya babba, wanda ma'aikacin jinya ne, shi ya tsaya ya ce sai an fara ganin likitan fata. Umma ta raka ni wani asibiti a cikin Jos, muka yi layi tun sanyin safiya har bayan azahar. Likitar ta sa na zazzage duk abin da na taɓa shafawa a kan teburinta, ta karanta ƙananan rubutun da ke jikin kwalin nan, ta nuna mini kalmar kulobetasol. Ta ce sitiroyid ne mai ƙarfin gaske, an haɗa shi da maganin cututtukan fata irin su makero da kuma maganin ƙwayoyin cuta, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da aka yi domin ƙurajen fuska. Sitiroyid yana kwantar da kumburi nan take, shi ya sa ake ganin kamar an warke, amma idan aka daɗe ana shafa shi yana sirantar da fata, yana haddasa nasa ƙurajen, kuma fata takan saba da shi har ta yi bore idan an daina. Robar da babu rubutu kuwa, ta ce ba ta da hanyar sanin abin da ke ciki.

Sai ta ɗauki biro ta zana mini ƙofar gashi guda ɗaya. Ta nuna ɗan buhun da ke fitar da maiƙo a gindinta, wanda sinadaran jiki da ake kira homon suke zuga shi ya ƙara aiki tun daga balaga. Ta nuna yadda matattun ƙwayoyin fata ke haɗuwa da maiƙon su toshe ƙofar, yadda wata ƙwayar cuta mai suna Cutibacterium acnes, wadda dama tana zaune a fatar kowane mutum, take samun wurin yaɗuwa a cikin toshewar, da yadda jiki ke kai mata yaƙi har wurin ya kumbura ya tara ruwa. Ta ce babu datti a cikin wannan lissafi, gurzar fuska da soso ƙara kumburin yake yi, kuma basilin da man kitso masu nauyi da muke laftawa saboda hunturun Jos suna iya ƙara toshe ƙofofin a goshi. Ni da nake koyar da sinadarai a lokacin, ranar ce ta farko da wani ya yi mini bayanin ciwona da hujja.

Daga nan ta ce, "Malama, za mu gwada wannan haɗin na wata uku, kuma zan so in ɗauki hoton fuskarki yau domin mu kwatanta idan kin dawo." Umma ta miƙe zaune. Ita 'yar Fagge ce ta Kano, aure ne ya kawo ta Jos, kuma kalmar gwaji tana da tarihi a kunnenta. Ta ce, "Likita, ki yi haƙuri, ni 'yata ba za a yi gwaji da ita ba. Mun ga abin da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau." Likitar ba ta yi fushi ba, ba ta kuma yi dariya ba. Ta ce, "Hajiya, tsoronki yana kan hanya. Amma waɗannan magungunan an riga an gwada su a kan dubban mutane shekaru da yawa da suka wuce, an san amfaninsu, an san illarsu, an rubuta. Wanda ba a taɓa gwadawa ba shi ne na cikin robar nan, kuma a fuskar 'yarki ake gwada shi ba tare da an nemi izininta ba." Ta ƙara da cewa hoton na fayil ɗina ne kawai, kuma ina da damar in ƙi. Umma ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce a ɗauka.

Abin da aka rubuta mini guda uku ne. Akwai adafalin, man da ake shafa gwargwadon ƙwayar wake a fuska duka da dare, wanda aikinsa hana ƙofofin toshewa. Akwai benzoyil feroksaid na safe, mai kashe ƙwayar cutar, wanda ya koɗar mini da launin hijabai biyu da rigar filo kafin in koyi wanke hannu sosai da barin sa ya bushe. Sai ƙwayar doksisaikilin ta wata uku kacal, domin likitar ta ce daɗewa ana shan maganin ƙwayoyin cuta yana sa su bijire masa, shi ya sa ma ake haɗa shi da benzoyil feroksaid wanda ba su iya bijire wa. Azumi ya riske ni a tsakiyar shan ƙwayar, aka ce in riƙa sha bayan buɗa baki da ruwa mai yawa, kada in sha da sahur in koma in kwanta, saboda tana iya maƙalewa ta ƙona maƙogwaro. Aka kuma haɗa ni da man kare fata daga rana. Na yi mamaki, domin a garinmu sanyi muke kuka da shi, amma Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga teku, kuma ranar da ba ta da zafi a jiki tana iya ƙara wa tabo duhu.

Makonni shida na farko su ne mafi tsanani a duk tsawon wannan jinya. Fatar da ta saba da sitiroyid ta yi bore, adafalin ya sa ta bushewa da saɓa, iskar hunturu ta ƙara mata, kuma ƙurajen suka fi na da yawa. Gwaggo ta zo ta gan ni ta ce maganin asibiti bai karɓe ni ba, a dawo da na da kafin biki ya ƙarato. Abin da ya riƙe ni shi ne likitar ta faɗa mini tun ranar farko cewa haka zai faru, kuma a binciken da aka yi ba a yanke wa irin wannan magani hukunci sai bayan mako goma sha biyu. Na sayi ɗan littafi ina ƙirga sababbin ƙuraje duk ranar Juma'a. A mako na tara lissafin ya fara sauka, kuma da na koma asibiti aka ajiye hotuna biyu gefe da gefe, Umma ce ta fara cewa alhamdu lillahi.

Maganar likitar ta sa ni neman sanin yadda ake wannan gwaji da take nufi, na shiga karanta rahotannin bincike a wayata da dare. Na fahimci cewa ana tara masu ciwo iri ɗaya, a raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wa wasu maganin gaske, wasu kuma a ba su holoƙo mai kama da shi wanda babu magani a cikinsa, ba majinyaci ba likitan da ke ƙirga ƙurajen babu wanda ya san abin da aka ba kowa sai an gama. Dalilin wannan wahala shi ne ƙuraje suna da hawa da sauka da kansu, don haka duk abin da mutum ya shafa a makon da za su sauka zai rantse cewa shi ya warkar da shi. A nan na gane cewa matan da suka yi ta ba ni shawara ba ƙarya suke yi ba, abin da suka gani suka faɗa, sai dai ganin mutum ɗaya bai isa ya raba tsakanin aikin magani da sauƙin da zai zo ko da ba a shafa komai ba. Na kuma ci karo da wani bincike na 1986 da ya nuna cewa benzoyil feroksaid mai ƙarfin kashi 2.5 cikin ɗari yana aiki kamar mai kashi 5 da mai kashi 10, kuma ya fi mai kashi 10 sauƙin ƙona fata. Ni da na yi shekaru ina neman man da "ya fi ƙarfi", wannan sakamako ya girgiza ni.

Amma karatun ya nuna mini cewa Umma ma tana da gaskiya, kuma ba zan ɓoye wannan ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin wani gwaji da ya ƙunshi kimanin yara 200 lokacin annobar sanƙarau. Goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba a nemi yardarsu ba, kamfanin ya musanta laifi, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Abin da ban zata ba shi ne in tarar da irin wannan tabo a tarihin maganin ƙuraje kansa. Tiretinoyin, wanda shi ne kakan adafalin da nake shafawa, aka kuma amince da shi a Amurka a 1971, yana da alaƙa da sunan Albert Kligman, likitan fata da ya yi gwaje-gwaje a jikin fursunonin gidan yarin Holmesburg da ke Filadelfiya daga 1951 zuwa 1974, mafi yawansu baƙaƙen fata. Sai a 2022 hukumar birnin ta nemi gafara. Na daɗe ina juya wannan a raina duk daren da na matso man a yatsana. Matsayar da na kai ita ce laifin yana wajen take haƙƙin mutane, kuma maganinsa tsaurara doka da neman yarda ta gaskiya a harshen da mutum yake ji, wanda a ƙasarmu aikin NAFDAC ne da kwamitocin kula da ɗa'ar bincike. Guje wa bincike gaba ɗaya kuwa mayar da mu zai yi hannun masu robar da babu rubutu.

Manyan ƙurajen haɓa ba su tafi duka ba, shi ya sa likitar ta kawo maganar aisotiretinoyin, ƙwayar da aka fara sayarwa a Amurka a 1982 da sunan Accutane, wadda ke ƙanƙantar da buhunan maiƙon kansu, kuma mutane da yawa sukan rabu da ciwon bayan shan ta na wata biyar ko shida. Ta faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba cewa idan ciki ya shiga ana shan ta, tana iya nakasa jariri mummunar nakasa, har ta kai a Amurka tun 2006 akwai tsarin da ke tilasta wa mace gwajin ciki duk wata kafin a ba ta. Saura wata huɗu aurena, kuma ni da wanda zan aura muna fatan haihuwa da wuri. Na yi istihara, na yi shawara da Umma, na ce a bar ta. Ina takaicin yadda na ji cewa wasu 'yan mata suna samun wannan ƙwaya ta hannun masu talla a intanet ba tare da kowa ya faɗa musu wannan haɗari ba, alhali a al'ummarmu tsakanin budurci da goyo sau da yawa shekara ɗaya ce.

Da na sami ciki aka dakatar da adafalin, aka mayar da ni kan asid ɗin azelayik, wanda ake ganin ba shi da haɗari ga mai ciki, kuma yana taimakawa wajen dusar da baƙin tabo. A hankali yake aiki, amma shi ya fi yi mini amfani a kan abin da ya fi damuna. Wannan ne ma ƙorafina a kan yawancin rahotannin da na karanta: ƙuraje ake ƙirgawa, a ce sun ragu kashi kaza, alhali a fata irin tamu ƙurjin kwana goma yake yi, tabonsa kuwa ya yi wata shida ko fiye. Mace za ta iya cin jarrabawar binciken, ta dubi madubi ta ga babu abin da ya canza. Mafi yawan manyan gwaje-gwajen a Turai da Amurka aka yi su, ba a cikin hunturu da ƙura irin namu ba, ba kuma a fuskar da ta sha sitiroyid da man bilicin na shekaru ba, wadda ita ce fuskar da likitocinmu suke gani kullum. Da za a shirya irin wannan bincike a Jos, a yi mini bayani da Hausa, a ba ni takarda in kai gida mu karanta da maigidana da Umma, a tabbatar mini zan iya janyewa duk ranar da na so, da ni ce zan fara sa hannu.

Game da abinci, gyaɗar da aka hana ni shekaru ban sami hujjar da ta kama ta ba. Abin da bincike ya fi nunawa shi ne abinci mai saurin ɗaga sukarin jini, kamar yadda wani ƙaramin gwaji na Ostireliya a 2007 ya gani a samari 43 cikin mako goma sha biyu, sai kuma alaƙa mai rauni da madarar shanu. Na rage lemon kwalba da farin burodi, na koma cin acca da safe, amma ban ɗauke shi a matsayin magani ba.

Bayan na yaye ɗana na biyu ƙurajen haɓa suka dawo, suna tsananta duk wata gab da al'ada. Wannan karon ni na je wa likitar da tambaya, domin na karanta sakamakon wani gwaji da aka yi a Ingila da Wales aka wallafa a 2023, inda aka raba mata 410 tsakanin sifironolakton da holoƙo. Sifironolakton tsohon maganin hawan jini ne da ke rage tasirin homon a kan buhunan maiƙo. A mako na goma sha biyu kusan babu bambanci a yawan waɗanda suka ce sun ga sauƙi, kashi 72 na masu shan maganin da kashi 68 na masu shan holoƙo, amma a mako na ashirin da huɗu ya zama kashi 82 da kashi 63. Likitar ta auna jinina, ta tambaye ni game da ƙoda da sauran magungunan da nake sha, ta tabbatar muna kan tsarin tazarar haihuwa saboda shi ma ba a shan sa da ciki, ta gargaɗe ni cewa yana iya kawo ciwon kai da jiri da rikicewar al'ada, sannan ta rubuta mini.

Yanzu ina mako na goma sha bakwai. Na sami jiri a kwanakin farko ya wuce, kuma a Juma'ar da ta gabata sababbin ƙuraje biyu na rubuta a littafina, inda a da nakan rubuta goma sha ɗaya ko fiye. A makarantar da nake koyarwa wata ɗaliba 'yar aji biyar ta tsaya bayan darasi ta fito da ɗan kwali daga jakarta ta ce, "Malama, an ce wannan yana da kyau, ko in ci gaba?" Na juya kwalin, muka karanta ƙananan rubutun tare har muka kai ga kalmar kulobetasol. Na ce ta shaida wa mahaifiyarta zan zo gidansu ranar Asabar bayan la'asar, kuma Umma ta ce za ta raka ni, domin a ganinta uwa ta fi jin maganar uwa.